Rijiyar Yaron Nan

Ni ba na son na'urar da ke yi wa mutum gardama, kuma a ofishinmu na Sabon Birni akwai guda ɗaya da ta ƙware a wannan sana'a. Wani baƙin akwati ne a cikin kabad ɗin ƙarfe a bayan teburina, ba fuska ba madannai, sai 'yan fitilu masu ƙyaftawa da gunji ƙasa-ƙasa. A cikinsa ake ajiye duk aikin ofis, shi ya sa muke ce masa rumbu. Ƙungiyarmu ƙarama ce, aikinta samar wa ƙauyuka rijiyar burtsatse. Ni kuwa, Saudatu, ni ce sakatariya, wato mai buga takardu da amsa kira da shan faɗan kowa.

Halliru ne ya haɗa mana rumbun. Injiniyan kwamfuta ne, ɗan garin Isa, siriri mai yawan bayani. Ranar da ya gama aikin ya tara mu, ya ɗaga yatsu biyu.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Kalmar sirri biyu kowa ad da ita, ko da kuna ganin kamar guda ta. Guda ta buɗe kwamfuta, guda ta shiga rumbu. Yau kowa shi sa iri guda. Amma ranar da kaka son canzawa, ka bi ta shafin ga da niy yi, shi ka canza su tare. In kac canza ta wani wuri, ta kwamfuta kaɗai ka canzawa, rumbu na nan riƙe da tsohuwa."

Muka ce to, kowa hankalinsa yana kan abincin rana. Kuma a gaskiya babu abin da ya tuna mana da maganar, domin kwamfutar kowa ta haddace masa kalmar rumbu tun ranar farko. Da safe ka buga kalmarka, kwamfuta ta buɗe, rumbu ya biyo baya ba tare da ya tambaye ka komai ba.

Shekarar da nake ba da labarinta ita ce ta biyu da damina ta yi mana rowa. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Da bazara ta kama, mata suka koma ƙwaƙular yashin gulbi, su wuni a bakin rami don tulu ɗaya. Ga 'yan bindiga a daji, saboda su aka rufe layukan waya a yankinmu, sai muka koma amfani da oba-oba, wato rediyon magana na hannu. Ɗaya tana kan teburina, ɗaya a motar ofis, kuma layi ɗaya muke da kamfanin da ke yi mana haƙa da jami'an da ke raka su. Duk wanda ya yi tari a ciki, kowa ya ji.

A wannan bazarar layi ya zo kan Tungar Jibrilla, wani ƙauye a bayan Gatawa, inda aka yanke cibiyata. Innata tana can. Rijiyar garin ɗaya ce, ita ma ta koma ba da laka, sai an tace da gefen zane a ba yara. Gidaje sun fara tashi, dattawa kuma sun yanke cewa in wannan haƙa bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Na yi wa Inna magiya har na gaji ta dawo wurina, ta ce ita ba ta barin garin da mahaifina yake kwance, ko da ita kaɗai za a bari da kurciyoyi. Ƙafafunta ba sa kai ta ko ƙofar gida sai da sanda. Na san Inna, in ta ce ba ta tashi to ba ta tashi, kuma na san abin da zai sami tsohuwa a garin da babu mai ɗebo mata ruwa.

Sau biyu wasu suka taɓa haƙa a garin, sau biyu suka tarar da busasshen dutse. Don haka muka ɗauko masana daga Sakkwato, suka shimfiɗa wayoyi a gonaki, suka auna cikin ƙasa, suka ce ruwa yana nan amma a ɗan siririn wuri guda. Suka kafa turken ƙarfe mai jan fenti a wurin, kusa da wani babban gawo. Rahotonsu da lambobin wurin aka zuba a rumbu, a sashen ruwa, wanda mutum uku kaɗai ke iya buɗewa: shugabanmu, da Halliru, da Baffa Kalilu.

Baffa Kalilu shi ne babba a sashen ruwa. Bafillace ne daga wata ruga can bayan Bafarawa, dogo, mai kunyar da har haushi take ba ni. Bai taɓa cin abinci a gabanmu ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, in na tsokane shi da cewa mu Gobirawa ne iyayen gidansa sai ya yi murmushi ya ce, "Allah shi shirye ki, Saudatu." A bazarar da ta wuce ɗansa na fari, wanda kowa ke kira Dikko, ya kora shanu neman ruwa, ya sha na wani ragowar tafki, amai da gudawa suka kama shi, ya cika kafin a kai shi asibitin Isa. Mun je ta'aziyya. Baffa yana zaune a kan tabarma, idonsa a bushe, abin da kawai yake cewa shi ne, "Yaron nan ya riga mu." Haka yake kiransa tun yana raye. Ko Dikkon da kowa ke faɗa, ni ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ranar da motar haƙa ta isa Tungar Jibrilla, ni kaɗai ce a ofis sai tsoho maigadinmu. Shugaba yana taro a Sakkwato, Halliru ma yana can yana jinyar mahaifiyarsa. Baffa ya bi motar haƙa tare da Lawwali direbanmu. Sharaɗin da aka gindaya mana tun farko a fili yake: man da bututun da suka kawo na rami ɗaya ne, kuma in la'asar ta yi ba a fara ba, masu rakiya za su juya da motar zuwa wani aikin, sai kuma baɗi in da rai.

Da hantsi oba-oba ta yi ƙara.

"Saudatu, Kalilu na. Kina ji na? Oba."

"Ina ji, Baffa. An fara?"

"Ba a fara ba. Turken babu shi."

Na ce wane irin babu shi, turken ƙarfe ne fa, ba ƙafa gare shi ba. Ashe wata baiwar Allah ce ta gan shi a gona, ta ga turke mai kyau yana zaune a banza, ta tuge shi ta ɗaure akuyarta. An same shi a gidanta da akuyar a jiki. Da aka ce ta nuna inda ta cire shi, ta nuna gabas, mijinta ya nuna kudu. Gawon kuwa an sassare rassansa an ba dabbobi tun da rani, daga baya aka kayar da shi, har kututturen an tone an yi girki. Fili ya zama iri ɗaya, ja wur, ko ina ka duba. Baffa bai ɗauki rahoton ba saboda da idonsa ya ga an kafa turken. Mai kamfani kuma ya rantse ba zai sa bakin injinsa a ƙasa da ka-ce-na-ce ba.

"Ina da na'urar nuna wuri ga aljihu," in ji Baffa. "Lambobin kaɗai nika so. Ki shiga da sunana ki karanto man su."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Kwamfutarsa dai ta ƙone a makon da ya wuce, tana wurin mai gyara, amma kowace kwamfuta a ofis tana karɓar sunan kowa. Na ce ya ba ni kalmarsa. Ya ce munyal, wato haƙuri da Fillanci, ya jero mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Na buga, kwamfuta ta buɗe har da gaisuwa. Na danna rumbu, sai ga wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Na sake buga munyal. Ya girgiza, ya ce ba ita ba ce.

Na ɗauka yatsana ne ya zame. Na goge hannu a zane, na sake bugawa a hankali. Ya ƙi.

Na ba maigadi wayata mai layin Nijar, na ce ya ruga tudun bayan kasuwa inda ake samun layi, ya kira Halliru ko shugaba, duk wanda ya ɗauka. Tsoho ya tafi da gudunsa na tsofaffi. Ni kuma na zauna ina kallon baƙin akwatin nan yana ƙyafta mini ido, kamar in ɗauko taɓarya. A nan yatsun Halliru biyu suka dawo mini.

"Baffa," na ce, "ka taɓa canza kalmarka?"

"Na canza. Bara."

"Ta shafin Halliru kab bi?"

"Ban san wani shafi ba. Inda kwamfuta tat tambaye ni, nan nic canza."

"To shi ke nan, an gane. Rumbu bai san da sabuwa ba, tsohuwa shika jira. Ba ni tsohuwar. Oba."

Shiru. Na jira, sai shuuu ɗin oba-oba kawai. Na bubbuga ta a tafin hannu, na ɗauka batir ne.

"Baffa? Kana ji na?"

"Ina ji." Muryarsa ta yi ƙasa. "Saudatu, babu wata hanya?"

Na ce bari in gani. Na buɗe shafin Halliru don in sa wa rumbu sabuwar kalma, sai shi ma ya ce in fara kawo tsohuwa tukuna. Maigadi ya dawo yana haki, ya ce wayar Halliru a kashe take, ta shugaba kuma tana ta ringin ba a ɗauka. Na mayar da shi ya ci gaba da gwadawa. Ana cikin haka aka kira azahar a masallacin bayanmu, kuma ban taɓa jin kiran salla ya tsorata ni irin na ranar ba.

"Babu wata hanya, Baffa. Ka manta ta na?"

"Ban manta ba."

"To mi ad damuwa? Ka hwaɗa man!"

Ya ce, "Sunan yaron nan na."

Ban tsaya tunani ba. Na buga Dikko, na danna. Akwatin ya girgiza, wannan karon har da jan rubutu: kuskure ya yi yawa, in aka ƙara ɗaya za a kulle sashen sai mai kula da rumbu ya zo. Mai kula da rumbu kuwa yana Sakkwato a bakin gadon asibiti.

Raina ya ɓaci, na manta da girmansa, na manta duk duniya na jin mu. Na ce, "Baffa, don girman Allah, wasa mukai? Na sa Dikko ta ƙi! Saura guda a kulle mu!"

"Ba Dikko ba," in ji shi. "Sunanai na yanka."

Dikko laƙabi ne da Fulani ke ba ɗan fari, wannan ko yaro ya sani. Sunan da aka raɗa masa ranar suna daban ne, kuma ni ban san shi ba. Lawwali bai sani ba. Duk Tungar Jibrilla babu wanda ya sani, domin Baffa baƙo ne a can. Waɗanda suka sani suna rugarsu a bayan Bafarawa, a kan hanyar da ko da rakiya ba kowa ke binta ba. Mu ma Gobirawa muna kunyar ɗan fari, ni kaina Inna ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba. Amma ta Fulani ta fi tamu nisa, ta Baffa kuma ta fi ta Fulani. Abin da nake nema a wurinsa shi ne ya buɗe baki, a gaban gari guda da leburorin kamfani da masu bindiga, ya faɗi sunan da bai faɗa ba tun ranar da aka yanka rago, kuma mai sunan yana ƙasa.

Na fahimci wannan sarai, amma ban janye ba. Tausayinsa ya kama ni, tsoron abin da zai sami Inna kuma ya fi tausayin ƙarfi.

"Baffa," na ce, ina kuka a fili, "na san abin da nika roƙo. Wallahi na sani. Amma uwata na nan gabanka. In motag ga ta juya, garin ga ya watse, ita ko ba ta tashi. Ka taimake ni."

Maimakonsa sai muryar shugaban masu rakiya ta shigo, a gajarce, yana cewa rana tana yi, su fa ba za su kai yamma a dajin nan a banza ba. Mai kamfani ya ce shi ma yaransa sun fara naɗe kaya. Na ji ƙarar ƙarafa ta cikin oba-oba, kowace ƙara kamar a kaina ake buga ta.

Abin da ya faru a can daga nan, rabi na ji da kunnena, rabi Lawwali ya ba ni labari daga baya. Ya ce mutanen gari duk sun kewaye motar, sun ji komai. Baffa yana tsaye da oba-oba a hannu yana kallon ƙasa. Sai ga Inna ta ratso mutane da sandarta, ta ce a ba ta abin maganar. Lawwali ya karɓa ya danna mata.

"Saudatu."

"Na'am, Inna."

"Ke, haka nib ba ki tarbiyya? Ki bar bawan Allah. Ba a sa uba shi yi wanga abu, ko don ruwa. In don ni na, na yarda, za ni wurinki. Ki aiko a ɗauke ni. Mu tashi."

Na kifa kai a kan tebur. Matar da na yi wata da watanni ina roƙo ta ƙi, yau ta yarda ta bar kabarin mijinta don kada wani baƙo ya ji kunya. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Ji na yi an kayar da ita, kuma har da hannuna a ciki.

Lawwali ya ce a nan dabara ta zo masa. Ya zaro biro daga aljihu, ya miƙa wa Baffa tare da tafin hannunsa, ya ce, "Baffa, rubuta nan. Ni in karanta mata, ba sai ka hwaɗi ba." Kowa ya ce madalla, wannan ita ce mafita. Baffa ya karɓi biron, ya kama hannun Lawwali, ya ɗora bakin biron a kai. Ya daɗe a haka bai ja ko layi ɗaya ba. Sai ya dubi Inna, ya mayar wa Lawwali bironsa, ya ce, "A'a. In dai za a kira shi yau, ba baƙo ka kiranai ba."

Ya karɓi oba-oba.

"Saudatu, kina ji na?"

"Ina ji, Baffa."

Na ji numfashinsa. Sannan ya ce, "Maliki."

Na ɗora yatsu a kan madannai, amma bai saki maɓallin ba. Ya sake faɗa, wannan karon ba da ni yake ba. Ya ɗaga murya, shi da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ja sunan yadda ake kiran wanda ya yi nisa da shanu: "Maliki!" Muryar ta karye a tsakiya. Lawwali ya ce mata suka rufe fuska da mayafi, wani lebura ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali, shi kansa shugaban masu rakiya ya juya baya.

Can Baffa ya gyara murya, ya koma muryarsa ta ofis. "Da babban baƙi ga farko. Oba."

Na yi bisimilla na buga. Rumbu ya buɗe kamar bai taɓa yin gardama ba, ya baje mini komai. Na nemo rahoton, na karanto lambobin sau biyu, Baffa yana maimaitawa. Ya bi na'urarsa da ƙafa, gari guda na biye da shi, har ya tsaya a wani wuri da ba gabas ɗin matar ba, ba kudun mijinta ba. Aka ɗauko turken, aka kwance akuyar, aka mayar da shi inda yake. Kafin a kira la'asar na ji injin ya tashi, na kashe oba-oba na yi kukana na ƙoshi.

Washegari da rana ruwa ya ɓalle. Lawwali ya danna mini oba-oba don in ji guɗa, ban ji komai sosai ba sai ihu da kwaramniyar bokitai. Inna ta aiko a gaya mini kada in kuskura in turo mota, ba inda za ta.

Da Halliru ya dawo ya ji labari, ya wuni a gaban kabad ɗin ƙarfe bai ci abinci ba. Ya gyara yadda ko ta ina mutum ya canza kalmarsa, ta kwamfuta da ta rumbu za su canza tare. Sannan ya ce kowa ya zo ya sa sabuwa. Baffa ne na ƙarshe. Ya zauna a gaban kwamfutarsa da aka dawo da ita daga gyara, ya ɗora hannu a gwiwa, ya ce a hankali, "Halliru, in na so in maida ta da, ga duka biyun, ana iyawa?"

Halliru ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Dut wanda ad kan layin ranan ya ji ta, har mutanen da ba namu ba. Kalmar da anka ji ta tashi daga sirri. Munyal ɗin ma sai an canza."

Gaskiya ya faɗa, amma da na sami abin jifa a kusa da na jefe shi. Baffa dai ya ce to, ya buga wata kalma da ban sani ba, ban kuma so in sani ba. Da Halliru ya fita, ya zauna yana kallon madannai. Ban tambaye shi komai ba, shi ya yi magana don kansa.

"Sunan mahaifina na anka sa mai," ya ce. "Kin ga kunya biyu. Ranar da Halliru yac ce kowa shi zaɓi kalmar da babu mai zato, nic ce to ga ta. Kullum da sahe in zo in kira shi da yatsa, babu mai ji. Da yar rasu, hannuna ya ƙi. Nic canza, ina cewa na ruhe ƙofar. Ashe yana nan ciki yana jirana."

Na tashi na kawo masa ruwa a kofi, kuma a karon farko ya sha a gabana.

Bayan an ɗaura famfo an zuba siminti, muka je duba aikin, ni da shi da Lawwali. Har yanzu ba a yi ruwan sama ba, gonaki na nan ja wur, amma gidajen da suka tashi sun fara dawowa. Mun rubuta wa rijiyar lamba a jikin siminti kamar yadda muke yi wa kowace, sai dai babu wanda ya kula da lambar. Muna tsaye sai wata mata ta leƙo ta kan danga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Larai! Za ni Maliki, kina zuwa?"

"Ki jira ni, yanzu nid dawo daga Maliki, bari in juye!"

Na dubi Inna da ke zaune a inuwa, ta kawar da kai. Ba wanda ya yi shawara, in ji ta daga baya, sunan ne kawai ya zauna. Yara na faɗa, tsofaffi na faɗa, makiyayan da ke kawo shanu daga nesa suna tambayar hanyar Maliki. Na ji tsoron kada abin ya yi wa Baffa ciwo, na matsa kusa da shi don in ba shi haƙuri. Lawwali ma ya tayar da mota, ya ce mu kama hanya tun da sauran rana.

"Dakata kaɗan," in ji Baffa.

Ya tsaya a gefen famfon, hannuwansa a baya, kansa a sunkuye, yana sauraron matan nan suna kai da kawowa da sunan a bakinsu. Mun daɗe a haka, babu wanda ya ƙara ce masa mu tafi. Da ya gama ya shigo mota, ya rufe ƙofa, ya ce da ni ba tare da ya juyo ba, "Saudatu, in mun koma ki rubuta ma shugaba, rijiyar yaron nan na ba da ruwa."